Ƙwaryar Gwaggo Suwaibatu

Ke mai karanta wannan, idan akwai katin tallafi ƙulle a bakin zanenki ko ɓoye cikin samira, ki natsu ki karanta har ƙarshe kafin ki sake amsa wayar wanda ba ki sani ba. Kai ma maigida ban cire ka ba. Wanda zai cuce ku ba zai haura katanga ba, ba zai ɗaga murya ba. Zai yi sallama cikakkiya, ya tambayi lafiyar yara, ya kira ki Hajiya ko da ko Katsina ba ki taɓa zuwa ba. Ni ya kira ni, na amsa, kuma saura kaɗan abin ya raba ni da ɗana. Wadda ta tsaya tsakanina da wannan asarar ita ce aka kai makwancinta makon jiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Suwaibatu, yayar mahaifina, a ɗakinta da ke Yankara, bayan jinyar kwana tara. Ta haura saba'in da 'yan kai, ita kanta ba ta san adadin ba. Ta yi sallar asuba a zaune, ta sha kunu rabin kofi, ta tambaya ko an ba awaki ruwa, sannan ta juya ga dama ta yi kalmar shahada da bakinta. Aka yi mata sallah bayan azahar.

Gwaggo, ba kururuwa na zo yi ba. Kin hana mu ita tun kina da rai, kuma kin yi irin tafiyar da kowa ke roƙo. Zuciyata a kwance take. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne akwai alherin da kika yi mini wanda idan na yi shiru a kansa na zama butulu, kuma cikinsa akwai darasi ga matan da ke riƙe da irin katin da nake riƙe da shi.

Duk wanda ya ci kasuwar Yankara cikin shekara arba'in ɗin nan ya san gurbinki, gefen layin masu kayan miya, da tallen daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ba ki san harafi ɗaya na boko ba, amma ke kika tsaya kai da fata sai da mahaifina ya bar ni na tafi sakandare. Ragonki kika sayar kika saya mini akwati da bokiti. Amarya idan ta zo sayen daddawa ba kya sallamarta sai kin tambaye ta yadda take haɗa miya, kin gyara mata, ko ta so ko ba ta so ba. Matar da mijinta ya rasu kuwa kan ga ƙullinta ya fi abin da ta saya nauyi, in ta yi magana ki ce hannunki ne ya tsufa. Kina da faɗa, ban ɓoye ba. Ni ma a wurinki na gada.

Shekarun da tsoron daji ya hana mu zuwa gonakin nesa, mutanen ƙauyuka suka dawo cikin gari, aka zo aka rubuta sunayen gidaje masu ƙaramin ƙarfi, aka raba wa mata kati. Gidanmu na ciki, ke ma kina ciki. Idan kuɗin tallafi ya shigo, sai mata su yi layi gaban rumfar Mamuda mai POS, wanda yake maƙwabcinki a kasuwa. A nan kika ga abin da ya hana ki sukuni. Wata ta rubuta lambar sirrinta a takarda ta liƙa bayan katin. Wata ta miƙa katin ta faɗi lambar da ƙarfi, kamar mai kiran yaro daga bakin ƙofa, alhali kasuwa cike take da kunnuwa. Har aka sami mata biyu da wani baƙo ya tsaya bayansu ya ga abin da suka danna, ya yi kamar zai taimaka musu, ya musanya musu kati da wani mai irin launinsa wanda ba komai ciki.

An gaya wa mata su riƙa rufe hannu idan za su danna. Ba su yi ba, kuma dalilin ba wauta ba ne, kunya ce. Mamuda ɗan gari ne, ya auri 'yar wannan, ƙanwarsa tana gidan waccan, rabin layin surukansa ne. Ki rufe hannunki a gabansa, kin ce masa ɓarawo ke nan a idon jama'a. Mace ta gwammace a kwashe mata tallafin wata guda da a ce ta zargi surukinta.

Ke kika gane inda ciwon yake. Kika ɗauki wata ƙwaryarki da ta tsage, kika kai wa mai ɗinkin ƙwarya ya ɗinke ta, ya yanke mata baki ɗaya daidai shigar hannu da leƙen ido. Ranar biya kika kifa ta kan na'urar, kika fara da kanki. Sannan kika aika aka kira mahaifiyar Mamuda, kika sa ta ɓoye hannunta ga ɗan da ta haifa, kasuwa tana kallo tana dariya. Daga ranar babu wadda ta sake jin nauyi, domin abin da aka yi wa uwa ba zai zama zagi ga suruka ba. Mamuda da kansa ya fi kowa murna. Ya ce an sauke masa kaya, yanzu ko kuɗin wata ya ɓata babu mai kallonsa.

Waɗanda ba su san lamba ba kuma kika koya musu da tandar waina. Kika ce su ɗauki madannan nan kamar guraben tanda, uku-uku a jere, kowace ta zaɓi gurbi huɗu da za ta zuba ƙullu, ta riƙe a ranta. Kika hana su nuna miki waɗanda suka zaɓa. Wadda ta yi kuskure ta nuna, sai kin tasa ta gaba ta canza.

Ni a lokacin dariya nake yi. Ina cewa a raina ƙwarya ta waɗanda ba su je makaranta ba ce. Ni ce mai karanta wa unguwa saƙon waya, ni ce mai cike wa mata takardar asibiti. Ban taɓa kawowa a raina cewa karatun ne zai zama ƙofar da za a shigo mini ta ita ba.

Daminar bara, wata Litinin bayan azahar, ina tankaɗe a tsakar gida, wayata ta yi ƙara. Namiji ne, Hausarsa tsaf, gaisuwarsa ta ɗan mutunci. Ya faɗi sunana da na mahaifina da gundumarmu. Ya ce daga ofishin tallafi ne, ana tantance sunaye, wadda ba a sabunta katinta ba a ranar za a cire ta. Sai ya faɗi maganar da ta kwantar mini da hankali.

"Hajiya, ba zan tambaye ki lambar sirrinki ba. Wannan taki ce ke kaɗai. Duk wanda ya tambaye ki ita ɓarawo ne."

Na ce a raina lallai wannan ma'aikaci ne na gaskiya. Ya ce daga jin muryata na yi karatu, aikin zai yi sauƙi, ba kamar matan da ya sha wahala da su tun safe ba. Na ji daɗin wannan, Allah Ya yafe mini. Ya nemi doguwar lambar da ke gaban katin, na karanta. Ya nemi wata da shekarar da ke ƙasanta, na karanta. Ya nemi lambobi uku na baya, na karanta. Ya ce saƙo zai shigo da lambobi shida, ya shigo, na karanta masa dalla-dalla kamar ina gaban aji. Ya yi godiya, ya ce in kashe wayar sai gobe domin gyaran ya zauna, kuma kada in gaya wa kowa, saboda ba kowa aka zaɓa ba. Na kashe, na koma tankaɗena ina jin na yi dabara.

Ranar Alhamis na ba ɗana na fari katin ya je wurin Mamuda. A gida Gide muke ce masa, sunan kakansa ya ci. Magidanci ne, yana da mata, Rukayya, da 'ya'ya biyu, sashensu yana cikin gidanmu. Shi kaɗai na taɓa gaya wa lambar sirrina. Ya dawo ya tsuguna daga bakin ƙofa ya ce babu komai a cikin katin.

Wanda ba Bahaushe ba, zai ce me ya hana ni zaunar da shi in tambaye shi. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban faɗi sunansa ba, ban zauna hira da shi ba, magana tsakaninmu gaisuwa ce da saƙo ta bakin wani. Haka aka tarbiyyantar da ni, kuma ina alfahari da yadda na riƙe wannan kunyar. Sai na haɗa abu biyu a kaina: shi kaɗai ya san lambar, kuma a satin na ga ya shigo da buhun taki. Maganar waya ko tuna ta ban yi ba, domin ai ban ba mutumin lambar sirri ba. Na kira Rukayya na ce ta gaya wa mijinta na san abin da ya yi.

Bai musa ba. Ya zo ya duƙa, kansa a ƙasa, ya ce, "Allah Ya huci zuciyarki, Inna." Da kasuwa ta zagayo ya kai tunkiyarsa mai ciki ya sayar, ya aiko mini da kuɗin ta hannun matarsa. Na ce to ga amsa laifi nan a fili. Na daina amsa gaisuwarsa. Tuwon da Rukayya ta aiko na mayar mata da shi da zafinsa. Na gaya wa maƙwabta, na gaya wa ƙannensa. Mahaifinsa ya ce in bi a hankali, ban saurara ba. Ni mace ce da ba ta raga wa ɗan kowa a kan sata, ba zan raga wa nawa ba. Na sa aka sanar da dangi su zo ranar Juma'a bayan la'asar. Niyyata in faɗa a gabansu cewa ya bar mini gida, kuma na cire hannuna daga kansa. Duk uwa ta san nauyin wannan kalma, kuma ta san ba a janye ta bayan ta fita.

Gwaggo, ranar Laraba kika shigo da sandarki, ba ki ko zauna kan tabarmar da na shimfiɗa ba. A kasuwa kika ga tunkiyar a hannun dillali kika gane ta, domin ke kika ba shi uwarta lokacin aurensa.

"Hamida, kin tambaye shi?"

Na ce, "Gwaggo, kin san ba na magana da shi."

"To a satin da kuɗin suka ɓata, wa ya ga katin?"

"Babu kowa sai shi. A akwatina katin yake zama."

"Wa ya ji shi?"

Ban gane ba. Sai kika zauna, kika ce ke ma wani mai zaƙin baki ya kira ki a satin, ya ce ki karanta masa abin da ke jikin katinki. "Na ce mashi, ɗana, ni ban san ko ɗaya ba cikin rubutun nan. Ka zo kasuwar Yankara layin kayan miya ka karanta da kanka, in ƙara maka daddawa. Har yau bai zo ba, daddawarshi na nan ajiye." Kika yi 'yar dariya, sannan kika dube ni. "Ke fa mai karatu, mi kika ce mashi?"

Rariyar da ke hannuna na ajiye. Sai wayar ranar Litinin ta faɗo mini a rai, na gaya miki duk abin da na karanta masa.

Washegari kika ce sai kin raka ni banki a Funtuwa, duk da ƙafarki da ke kumbura in kin daɗe a mota. Wata ma'aikaciya ta duba, ta nuna mini cewa kuɗin sun fita ranar Litinin da rana, daidai lokacin da nake kan waya, kwana uku kafin katin ya taɓa hannun ɗana. Ta bayyana mini cewa lambobin gaban kati da na baya, da waɗanda ke shigowa ta saƙo, sun isa a kwashe komai daga nesa ba tare da kati ko lambar sirri ba. Ta ce babu ofishin tallafi ko banki da ke kiran mutum ya nemi waɗannan. Aka rufe katin, aka rubuta ƙorafina, daga baya aka ba ni sabo. Kuɗin ba su dawo ba. A hanyar komawa gida ban yi tunaninsu ba ko sau ɗaya.

Na so in gyara abin a ɓoye. Na ce zan aika Rukayya ta gaya masa an gano gaskiya, a kuma sanar da dangi an fasa taro. Kika ce sam.

"Taron da kika kira ba za a fasa ba. A gaban mutane kika ɓata shi, a gabansu za ki wanke shi. Kuma da bakinki, ba da bakin matarshi ba."

Na ce kunya fa, Gwaggo. Kika ce kunyar da ta kusa sa ni tsine wa ɗana a kan laifina, ta huta na yini ɗaya.

Ranar Juma'a tsakar gida ta cika. Ɗana ya zo ya tsuguna nesa, ya riga ya ɗaure kayansa a ɗaki, daga baya na ji. Na miƙe na faɗi abin da na yi, tun daga tankaɗe har banki, ban rage komai ba. Sannan na dubi fuskarsa, na kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna, karo na farko cikin shekara ashirin da takwas, na ce ya yafe mini. Ba zan rubuta sunan a nan ba, sau ɗayan ya isa. Ya rufe fuska da hularsa ya ce bai riƙe ni da komai ba. Kuɗin takin, ashe na ƙwadagon huɗa ne da ya yi wa wani a Mairuwa.

Shi ma ba ki ƙyale shi ba. Kika tambaye shi me ya hana shi cewa bai ɗauka ba. Ya ce, "Gwaggo, ita ta ce na ɗauka. In ce mata ƙarya take?" Kika ce masa biyayya daban, barin uwa ta faɗa cikin zunubi daban, kuma shirun da ya yi bai taimaki kowa ba sai ɓarawon. Sannan kika ce ya bi ki gida ya kwance tunkiyarsa, tana cinye miki dusa. Ashe tun ranar kasuwa kika saye ta daga hannun dillalin kika ɗaure, tun kafin ki ji ta bakina. Ba ki taɓa yarda ya yi sata ba. Ke da ba ki haife shi ba kin fi ni saninsa.

Tunkiyar ta haifi biyu da kaka. Suna nan a gidanmu. Shi ma yana nan, kullum da safe yana gaishe ni ina amsawa, wani lokaci har in tambaye shi gona. Shi ya yi ta kai ki asibiti cikin jinyarki, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararki, kuma an ce mini shi ya shiga kabari ya karɓe ki. Da na ji haka na gode wa Allah da Ya bar mini shi a gida har ya yi miki wannan.

Ku iyaye mata, ina gaya muku abin da na koya da tsada. Tsanani a kan tarbiyya abu ne mai kyau, ban fasa ba, amma ki tabbata kin binciki kanki kafin ki binciki ɗanki. Ku kuma 'yan matan da aka sa a makaranta kuke karanta wa iyayenku saƙo, kada wani ya yabi karatunku a waya ku saki baki. Matar da ba ta san harafi ba ta tsira daga tarkon da ni mai takardar sakandare na faɗa ciki, domin ita ta san abu ɗaya: wanda yake da gaskiya zai zo inda kike a gan shi.

Da Mamuda ya zo gaisuwa ya ce ƙwaryar tana rataye a rumfarsa, kuma mata ba sa yarda su danna sai an kifa ta. Ya ce abin da babu yanzu shi ne mai zama gefe tana tsawata wa masu faɗin lamba da ƙarfi. Na ce masa ranar biya mai zuwa ya ajiye mini kujerarki. Ba zan kai ki ba, amma faɗan dai na iya.

Ya Allah Ka jiƙan Gwaggo Suwaibatu, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Yadda ta rufa wa bayinKa mata asiri a tsakiyar kasuwa, Ka rufa mata asiri ranar da za a tara mu. Yadda ta hana uwa yanke ɗanta, Ka sada ta da iyayenta da waɗanda suka riga ta cikin Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Hussaina da Bilya, da jikokinta, da matan layin kayan miya na kasuwar Yankara, da dangin da suka taso daga Sabuwa da 'Yargoje da Ƙanƙara domin gaisuwa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

A gidana kuwa na tara kowa ranar sadakar uku na faɗa musu, kuma ba shawara ba ce. Babu mai karanta ko lamba ɗaya ta jikin kati ko ta cikin saƙo ga murya a waya, ko da ya ce shi ne ya buga katin da hannunsa. A ce masa ya zo Yankara, sannan a kashe. Babu mai danna lamba sai ƙarƙashin ƙwarya, ko da gaban ni ce. Kuma duk ranar da wani abu ya ɓata a gidan nan, ba a kama sunan kowa sai an zaunar da shi an tambaye shi ido da ido ya ba da amsa, ko ɗan fari ne, kuma mai tambayar ta fara da kanta.